Kunnen Labbo

Asabar, bayan asuba, muka haɗu a shataletalen Jega,
mu biyar, ba mashin ɗin da ya yi kama da ɗan'uwansa.

Arzika ɗan kabu-kabu ya zo da Bajaj,
sirdin ya lotse da zaman fasinja dubu.
Nomau mai dakon albasar Aliero,
ko ba buhu a bayansa, warin na biye da shi.
Malama Ige a kan roba-robarta ja,
ta ƙulle bakin hijabi sau biyu, kada taya ta ci.
Sai Cindo, da ya dawo daga Abuja da wani dodo:
taya kamar turmi, rigar fata, hular kwano mai gilashi,
yana gumi tun rana ba ta fito ba.

Ni kuwa tsohon Jincheng,
madubi ɗaya, tanki mai tabo.
Na wana ne. Bana ya zama nawa.

Yauri muka nufa, gaida Labbo bakanike,
wanda ya shekara talatin a gindin dogonyaro
yana buɗe cikin injinanmu,
har yanar ido ta ce masa ya isa haka.

Kafin Maiyama Cindo ya ɓace mana,
ƙara kawai ya bari, da tsuntsaye a sama.
Mu muka bi a sannu muna karanta kwalta.
Arzika a gaba: in ya miƙa ƙafar hagu, rami ne,
in ya ɗaga hannu, shanu za su tsallaka.
Ruwa ya sauko, muka fake a rumfar mai shayi,
ban da Nomau,
da ya cire rigar ledarsa ya lulluɓe mashin,
shi ya jiƙe.

Gab da Koko sai ga dodo a gefen hanya,
ya shanye tanki ya yi tsit,
kuma ba ɗan bumburutu ko ɗaya.
Arzika bai yi dariya ba, Allah shaida,
sai bayan ya ɗora silifas a gindin dodo
ya tura shi da ƙafa har cikin gari.
Daga nan Cindo ya shigo tsakiya,
yana tafiya da saurin roba-roba.

La'asar sakaliya muka shiga hayaƙin bandar kifi,
kogi na ƙyalli can bayan rufin kwano.
Labbo na tabarma a ƙofar gida, fuska sama.
Kafin hannu ya kai makulli, ya ɗaga yatsa.

"Kar ku kashe, bari in gaisa da su tukuna.
Wanga Arzika na. Sarƙa ta saki, kullum sai gobe.
Nomau, ka bar baƙin mai ya zama kunu.
Malama, sannu, ke kaɗai ka jin magana.
Wanga mai gurnani ban san shi ba,
amma mai shi ya sha kunya yau, a hankali yake murzawa."

Sannan ya karkato kunne wajena.
Ya daɗe.

"Injin na Kakale ne.
Ni na sa mashi fistin da hannuna.
Amma Kakale ba ya tsayawa haka shiru,
sai ya ba shi wuta sau biyu, kamar sallama.
Wa ke bisa?"

Wata bakwai ke nan, ba wanda ya faɗa masa.
Mun yi ta cewa ba maganar waya ba ce.
Na buɗe baki,
injin ya riga ni, ya yi tari ya mutu.

Labbo ya lallubo tankin da tafin hannu,
ya sami tabon, ya tsaya a kai.
Ya yi addu'a a ciki-ciki, muka shafa,
Cindo bai ma tuna cire safar hannu ba.

Can ya ce, "Yaro, miƙo sukundireba.
Silonsa ya yi ƙasa.
Durƙuso nan kusa da ni,
in nuna maka yadda yake so."