Sha Bakwai Bisa Goma

Ranar Talata aka ce mu hallara,
duk wanda ya taɓa ɗaukar bindiga ya ajiye.
Muka jeru a benci, inuwar dogon yaro,
layin bai miƙe kamar na da ba:
ga mai sanda, ga mai tari,
ga wanda ya zo da lambar girmansa a aljihu.

Yarinyar da ta ɗaure mini hannu
sa'ar autata ce, Gaptiya sunanta.
Ta ce, "Baba, saki jiki, kar ka yi magana."
Shekara ashirin da shida ina karɓar oda,
ban taɓa jin mai taushin wannan ba.
Ƙyallen ya kumbura, ya matse dantse
kamar riƙon kofur ga sabon kurtu,
sannan ya huce, ya yi ajiyar zuciya.

Ta dubi lambar, ta sake ɗaurawa.
"Sha bakwai bisa goma."
Na ce, "To, na ci ko na faɗi?"
Ba ta yi dariya ba.

Na ce mata ni lafiyata lau.
Na kwana a rairayin Dirku ba bargo,
na sha ruwan rijiyar da raƙumi ya ƙi,
jiya ma da ƙafa na je kasuwar Dole na dawo
ko haki ban yi ba.
Ta ce, "Tansiyo ba ya sallama, Baba.
Ba ya harbi a ji ƙara."

Sai na tuna Ligari.
Gadonsa na kusa da nawa a bariki.
Bara yana zuba mana shayi a zaurensa na Birni,
tsakanin kofi na biyu da na uku
buta ta kuɓuce, baki ya karkace.
Muka ce iska ce ta buge shi.
Wasu suka ce sammu.
Yau jikansa ke juya shi a tabarma.

Ƙwaya ɗaya ta ba ni, fara,
ba ta kai ƙwayar wake ba,
kullum bayan asuba.
Falmata ta ɓoye gishiri a inda ban sani ba,
miyar kuka ta koma lami.
Kilishi kuwa daga nesa nake gaishe shi,
kamar hafsan da aka ɗauke ni daga ƙarƙashinsa.

Wata biyu, lamba ta sauko sha uku.
Na ce an ci yaƙi.
Fansho ma bai fito ba,
ga kuɗin ruwan mai kura, ga kuɗin lakwal,
kwalin magani jikka uku.
Na bar shi a kantin mai shi.

Da na koma, sha takwas.
Ba ta ɗaga murya ba, alƙalami kawai ta ajiye.
"Baba, mai gadi yakan bar ƙofa
don ɓarawo bai zo daren jiya ba?"
Ni da na sa ƙarti tsallen kwaɗo
saboda gyangyaɗi a bakin aiki.
Na rasa inda zan sa idona,
sai na dubi takalmina.

Yanzu kuɗin kwali nake fara warewa
kafin na goro.
Duk Talata ina bin ƙofofi daga Zango zuwa Garin Malam,
ina kiran suna kamar da.
Nomau ya ƙi fitowa,
ya ce abin da harsashi bai yi ba, lamba ba za ta yi ba.
Zan koma masa.

Jiya na biya wajen Ligari,
na faɗa masa sha uku bisa takwas.
Ya daɗe yana dubana.
Sannan ya ɗaga hannun da ya rage masa,
na hagu,
ya kai shi goshi.