Sandar da Ke Jin Magana

A shagon Arlo Niskanen, bakin tafkin Kabetogama,
mako biyu da narkewar ƙanƙara,
sandunan fatsa na jingine kamar ciyawar gaɓa.
Na miƙa hannu ga wadda ta fi sheƙi.
Ya ce, "Ajiye ta, Tuuli. Ta masu ɗaukar hoto ce."

Ya zaro wata siririya, ƙafa shida da rabi,
nauyinta bai kai na cokali biyu ba.
Ya ɗora tsininta a maƙogwaronsa,
ya ce in riƙe gindin, in rufe ido.
Sai ya fara ƙirga, ƙasa-ƙasa,
muryar tsoho ta gangaro ta cikin sanda
ta sauka a tafin hannuna
kamar zuma ta faɗa kwalba tana kuka.

"Haka wolai yake ci.
Ba ya fizga, ba ya tsalle.
Ya tsotsi tana, ya yi shiru, ya tofar,
ke kina can kina kallon gajimare.
Sandar da ba ta ji ni ba
ba za ta ji shi ba."

Kwarkwaron naɗe zare uku ya jera kan katako.
Na farko ya yi gurnani, kamar da yashi a cikinsa.
Na biyu ya rinjayi sanda, ta sunkuya da baya.
Na uku ƙarami, fentinsa ya koɗe,
na ja zaren da yatsa,
ya sako shi sannu, ba gardama, ba sakaci.
"Dala arba'in. Na wani ne da ya daina fita."
Ban tambayi ko wane ne ba.
Na gane zanen wuƙar babana a hannun juyawa.

Da magariba na kashe inji bayan tsibirin duwatsu.
Sanyi na cin kunne. Sauro bai farka ba tukuna.
Na saki darma har ta taɓa ƙasa,
na ɗaga kaɗan,
na jira.

Can, ƙafa ashirin a cikin duhu,
wani abu ya yi gyaran murya.

Na makara. Ƙugiya ta dawo tsirara.
Amma na ji shi, Arlo,
na ji.
Na laluba gwangwanin tana da yatsun da suka sandare.