Mai Gadin Tire

Esi na saya ta hannu a kasuwar Alaba,
tsohuwa ce, sai ta yi tari kafin ta kama,
amma in an kawo wuta takan yi wa ɗakinmu
abin da iskar teku ta kasa yi wa Agege.

Aibinta ɗaya, gumi.
Duk laimar Legas sai ta tsotse,
ta tara a tiren da ke cikinta,
siririn bututu ya kai waje.
Ran da gansakuka ta shaƙe bututun
ba wanda ya ji.
Ruwa ba ya sallama.
Ya cika tire, ya bi bango, ya sami tsaga a daɓe,
ya sauka shagon Iya Morenike
kan leshi yadi goma sha biyar na bikin mutane.

Da safe ta hawo bene, ɗankwali ɗaure a ƙugu,
ta yi mini Yarbanci, na gane rabi,
rabin da ban gane ba ya fi zafi.
Na biya.
Kuɗin makarantar Rumasa'u na taɓa.

Daren nan na zazzage akwatin tarkace.
Ga batir mai kusurwa huɗu na tsohuwar rediyo,
ga 'yar ƙararrawar motar wasa da Sagir ya fasa,
waya ja, waya baƙa,
ƙusa biyu masu faɗin kai,
da maƙalin shanya na katako da na sace wa Barira.
Na kafa ƙusa a kowane leɓen maƙalin,
na naɗa musu waya,
na cusa ƙwayar sukari ta shiga tsakani.
In ruwa ya taso sukari zai narke,
baki ya rufe, ƙusa ta gai da ƙusa,
ƙara ta tashi.

Na kwanta ina kiran kaina injiniya.

Ƙarfe biyu da kwata ta tsala ihu.
Barira ta yi salati, Sagir ya gangaro daga katifa,
na ruga da tocila da bokiti.
Tire a bushe ƙayau.
Sai jerin kiyashi, kowa da kayansa a ka
kamar 'yan dako a Mil Sha Biyu,
sun kwashe mai gadina ƙwaya ƙwaya.

Barira ta ce, "Injiniya,
gobe ka haɗa musu da madara."

Rumasa'u ba ta yi dariya ba sai da na fita.
Da yamma ta miƙo mini kwalbar roba ta maganin tari,
ba komai ciki, murfi a ɗaure.
"Baba, sa abin da ba a ci."
Muka yanka guntun bututu ya zama mata ɗaki,
muka lulluɓe kanta da takarda mai ƙyalli ta kwalin shayi,
muka rataya bakin wayoyi biyu a sama,
tsakaninsu da ita faɗin ɗan yatsa.
Ta ɗauko buta tana tsiyaya a hankali.
Kwalba ta yi rangaji, ta taso,
ta taso,
ta taɓa.

Ban taɓa jin ƙara mai muni
da ta yi mini daɗi haka ba.

Mako bakwai shiru.
Sai wani dare a Yuni, sama na zuba kamar da bakin ƙwarya,
ta kira ni.
Wannan karon da gaske ne, ruwa na lasar bakin tire.
Na zura tsinken tsintsiya, na hura bututun,
koren majina ya fita, tire ya sauke numfashi.
A ƙasa leshi na kwance a bushe,
Iya Morenike ba ta ma juya ba.

Yanzu kowace Juma'a nakan ɗora batirin a harshe,
in ya ɗan cije ni, na mayar.
Kiyashin kuwa har yau suna zuwa dubawa.