Shanu Biyu, Karkiya Ɗaya

Ƙarfe ɗaya saura na dare a Bradford,
yayyafi na ƙwanƙwasa tagar kicin,
ina fassara wa asibiti takardar sallama
ta wata tsohuwa 'yar Gumel mai ciwon suga.
Na kai kan "a sha ƙwaya biyu bayan abinci"
sai allon ya rikiɗe shuɗi shar,
ga fuskar nan, ɗigo biyu da baki a karkace,
kamar ita aka yi wa laifi.

Karo na huɗu ke nan tun Asabar.

Na fara zargin wuta, saboda sabo,
sai na tuna nan ba a ɗauke ta.
Na zargi ƙwayar cuta, na sa aka wanke ciki tas.
Na zargi zafi, a garin da ake barci da safa.
Na buɗe akwatin ina hure ƙura
har atishawata ta tashi karen Misis Holroyd.

Da safe Jazuli na tauna burodi, ido a ƙasa.
"Baba, ni na ƙara mata ram."
Fam sha biyu, kasuwar gwanjo ta Lahadi,
daga bayan motar wani mai jan gemu,
don wasan ƙwallonsa ya daina cijewa.
Ina ta cigiya a waje,
ɓarawon na zaune yana shan shayina.

Muka zare waya daga bango.
Ya ce in fara taɓa ƙarfen famfo,
wai jikina na ɗauke da wutar da ba na ji.
Ga su nan a tafin hannu, su biyu,
sirara, koraye, kamar mataji,
haƙoransu ruwan zinare.

Muka mai da tsohuwar ita kaɗai, muka sa gwaji.
Lambobi suka kwana suna wucewa kamar tururuwa.
Na idar da Asuba na leƙa: ko ɗigon ja babu.
Daren biyu, sabuwar ita kaɗai.
Ita ma fes.
Daren uku muka haɗa su,
kafin butar shayi ta tafasa
jajayen layuka sun cika allo.

To, wa za a kama?
Kowacce ita kaɗai mutuniyar kirki ce.

Sai na tuna shanun huɗar kawuna Ɗantani a Maigatari,
Gwarzo mai zafin nama, da Sanda mai nawa.
Ranar da aka fara ɗaura musu karkiya
kunyar ta fito a karkace kamar sawun maciji.
Kawu bai kai ko ɗaya kara ba.
Igiyar Gwarzo ya riƙa ja,
yana ce masa, gonar ba gudu za ta yi ba.

Na ba Jazuli labarin. Rabi ya fahimta.
Ya kunna, ya yi ta dannan maɓalli ɗaya
kamar mai sallama a ƙofar kurma,
har wani ɗaki ya buɗe
wanda ban san akwai shi a gidana ba.
Ya nuna da yatsa: wannan dubu uku da ɗari biyu,
waccan dubu biyu da ɗari huɗu,
an tilasta wa tsohuwa gudun da ba nata ba.
Ya sauke lambar, yana tsaki.
"Za ta rage sauri fa."
Na ce, sannu ba ta hana zuwa.
Ya ce, "Sai dai a daɗe,"
da Hausarsa mai ɗingishi,
ban ma san ya riƙe ta ba.

Yau kwana tara allon bai ɓata rai ba.
Tsohuwar Gumel ta samu takardarta,
ƙwaya biyu, bayan abinci.

Jiya yana min bayanin wani abu da Turanci,
kalmomi na zuba kamar ƙanƙara kan kwano.
Na buɗe baki zan ce ya maimaita,
sai ya dube ni, ya ja numfashi,
ya faro daga farko,
a hankali.