Shafi na Arba'in da Bakwai

Shekara goma sha ɗaya na yi ina haɗa shi,
nan Tawa, bayan isha'i,
in an ɗauke wuta, tocila tsakanin kunne da kafaɗa.
Lissafi ne na ƴan kwaleji masu jiran jarrabawa.
Tumaki biyu na sayar, na kai maɗaba'a a Yamai.
Guda ɗari biyar aka buga, jikka ɗaya kowane.
Ɗari uku na ƙarƙashin gado har yau,
gara ce ke karatunsu, ta kusa sauka.

Ran Lahadi, kasuwa na ci,
na raɓa rumfar Ɗanjimo mai fotokopi,
injinsa na tari kamar tsoho a masallaci.
Ya ce, "Mushe, ga wani mai kyau, dala arba'in kacal,
daga waya na sauko da shi,
wani dokta ne ya rubuta."
Bango sabo. Mutum da tabarau yana murmushi.
Sunana kuwa an yanke shi kamar ƙumba.

Na buɗe.
Ga Hurera tana sayen buhun albasa bakwai,
an rage mata kashi goma cikin ɗari, nawa za ta biya?
Dokta, Hurera matata ce.
Damina huɗu ke nan da muka kai ta.
Ba ta taɓa yarda da ragin kashi goma ba,
sai ta tsaya har mai albasa ya gaji.
Ga rijiyar maƙwabcina Bizo, gaba goma sha biyu,
ka taɓa leƙa ta?

Ga shafi na arba'in da bakwai,
inda na sa tara a gurbin shida
daren da zazzaɓi ya hana autarmu barci.
Har shi ka kwasa.
Ka saci akuya har da kaskar kunnenta.

Na biya dala arba'in. Na sayi guminna da kuɗina.

A hanya fushin ya yi ta zuba kamar tulu mai tsaga,
don na tuna Harobanda, ƙetaren gada,
mu shida kan takarda guda,
kwafin kwafin kwafi, baƙaƙen sun koɗe kamar tsohon zane.
Wa ya rubuta ta? Ban tambaya ba.
Na ci, na share baki, na zama mushe.
Wataƙila shi ma yana da Hurera tasa
a wani shafin da inji ya haɗiye.

Jiya wani yaro, Tsayabu, daga wajen Bambai,
ya tare ni ƙofar lakwal, waya a hannu, gilashinta a fashe.
"Mu tara muke karatu da wannan, ta yayana ce,
ran kasuwa muke cajinta.
An ce kai ka san lissafi.
Duba nan, ni dai shida nake samu,
amma dokta ya ce tara,
dokta kuma ai ba ya kuskure."

Na daɗe ina kallon yatsansa a kan gilashin.

Na ce, shida ne, yaro. Kai ke da gaskiya.
Wanda ya rubuta ya yi kuskure,
ɗiyarsa ce ba lafiya a daren.
Ya ɗago kai. Bai gane ba. Ya tafi yana tsalle.

Ban ce kar a karanta ba.
Mai rijiya ba ya ƙirga guga.
Amma ko ɗan akuya aka haifa a gida
ana faɗin uwarsa.
Tumakina biyu na yafe wa mutum tara na Bambai,
ban yafe wa mai tabarau ba.

Yau da dare na gyara shafin da jan biro.
Sunana na rubuta, Attahiru Mai Alli,
ba a bango ba, inda almakashi ke bi,
a tsakiyar lissafin,
tsakanin tambaya da amsa,
wanda zai yanke ni sai ya yanke shidan.
Auta ta ɗauki hoto, ta ce, "Baba, wa zan tura wa?"
Na ce, tura wa Ɗanjimo.
Ya fi ni sanin hanya.