Gwiwar Nahuel

A matakalar Valparaíso mai tsayi
Nahuel ya zame, kwandon kifi ya watse,
gwiwa ta ɗaye: jini kaɗan, kuka da yawa.

Kaka Eduvina ta wanke hannunta tukuna,
ta kwarara ruwa har tsakuwa ta fita,
ta tsane ciwon da ƙyalle mai tsabta.

"Lafta da yawa, Kaka!"
"Man kashe ƙwayoyin cuta ba man shanu ba ne, yaro."
Ta ƙanƙance ido, ta duba ranar lalacewarsa,
ta shafa siriri, ta rufe da filasta.

"In ya kumbura, ko ya tara mugunya,
sai asibiti, ba gardama."

Kyanwar maƙwabta kuwa
tuni ta tsere da kifi biyu.