Awon Iska

Ranar da na kai wa Inna takardar jami'a
ta ajiye muciya ta ce:
"Na sayar da tunkiyata mai baƙin kunne,
na biya kuɗin lakwal shekara goma sha uku.
'Ya'yan mutane sun tafi koyon likita,
nawa ya tafi bin iska."

Ban da amsa a bakina.
Amsar tana can bisa rufin ajinmu,
inda Malam Tsahiru ya kafa dogon ƙarfe
da ludayi uku a kansa
suna korar juna, ba mai kama wani.
Ƙarfe shida na safe in hau tsani,
ƙarfe shida na marece in sake hawa,
in rubuta mita huɗu a daƙiƙa,
in rubuta biyu da rabi,
in rubuta sifiri.
Ranar da tuta ta rataye kamar jiƙaƙƙen wanki
Fasuma ta leƙa littafina:
"Yau ma baƙuwar taka ba ta zo ba?"

Malam ba ya son gaggawa.
Ya ce in gudunta ya ninka biyu
ƙarfinta sau takwas yake ninkawa,
kada ku raina abin da ke kaɗa bakin riga.
Yana cikin zane a allo aka ɗauke kuran,
fanka ta yi juyi uku ta tsaya,
mu arba'in da ɗaya muna lissafin iska
a ɗakin da babu ko numfashinta.

Fukafukan daga bututun ruwa muka yanko su.
Na goge gefensu har tafina ya yi kanta.
Fasuma ta naɗe jan waya sau ɗari biyu,
ta ɓata ƙirga, ta kwance, ta sake.
Ɗan Ladi mai walda na Zango
ya juya takardarmu sama da ƙasa,
ya ce, "Ban gane ba, amma ku kawo jika biyar."

Kwana tara tana juyi lafiya lau.
Na goma hadari ya taso daga gabas,
ya biyo ta tsakanin duwatsun Birni
kamar mai bin bashi.
Fiffike ɗaya muka tsinto a garken awakin maigadi,
ɗaya har yau babu labarinsa.
Na zauna a ƙasa, maƙoshina ya bushe.
Malam ya ɗauki guntun, ya shafa wurin karayar,
ya ce, "Ga darasin da allo bai iya ba ku ba.
Kun koya mata tsayuwa,
ba ku koya mata kauda kai ba."

Sai muka yi mata wutsiya mai lanƙwasa,
in iska ta yi fushi ta ba ta kafaɗa.
Wata huɗu ya ci mana,
da rigar Fasuma guda da tartsatsi ya huda.

Daren da batir ya cika
na ɗauko shi a kan moto har Garin Malam.
Unguwa duhu, sai ƙarar injin mai shago.
Na rataya ƙwan fitila a reshen dalbejiya.
Inna ta jawo faifanta ƙarƙashin hasken,
ta ci gaba da tsintar wake, ba ta dube ni ba.
Can ta ce, "Nawa take karɓa a wata?"
Na ce ko dala.
Ta fitar da tsakuwa biyu ta yar.
"To, in ka hau gobe ka gaishe ta."

Na hau da safe.
Ludayin na tafiya kamar tsoho mai ciwon gwiwa.
Na rubuta ɗaya da rabi,
na zauna jiran marece.